Maƙerin da Ya Ɗaure Hannunsa na Dama

Idan aka sallame sallar asuba a Gagarawa Tasha, Malam Yahuza Maƙeri ba ya komawa gida. Yakan bi ta bayan masallaci, ya ɗaga wa mai shayi hannu ba tare da ya tsaya ba, ya nufi rumfarsa da ke gindin darbejiya, kusa da tsohon layin jirgi. Ba wuta yake fara hurawa ba. Kututture yake fara dubawa. Wani tsohon kututturen aduwa ne a ƙofar rumfar, wanda sara ya cinye samansa har ya yi kwarmi kamar turmi. Yakan shafa shi da tafin hannu, ya tsince ɓarɓashin itacen da ya kwana a ciki, sannan ya shiga ya tona tokar jiya, ya zuba gawayin ƙirya, ya zauna a kan buzunsa yana jiran wanda Allah zai kawo.

Haka yake tun muna da baƙin gashi. Bana yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ce zai ajiye masaba ya bar wa Mannir, ɗan ƙaninsa, maƙerar. Ni kuwa na ga bai kamata mutum irin wannan ya tashi daga gaban wuta shiru ba, kamar wanda ya zo aron garwashi.

Yana ƙera lauje da fartanya kamar kowane maƙeri. Amma abin da ke kawo mutane wurinsa daga Sule Tankarkar, daga Gumel, har daga ƙauyukan da ke hayin iyaka, shi ne gyaran kan adda. Addar kamfani da ake sayowa a kasuwar Maigatari ran Alhamis duk kai ɗaya gare ta, mai faɗi, mai nauyi, sai ka ce mutum ɗaya aka auna aka ƙera wa duniya duka. Shi Yahuza hanci yake kiran wannan kan. Mafarauci yana son hancin ya sauko tsakiya ya yi tsini, yadda zai buɗe cikin dabba ba tare da ya fasa tumbi ba. Makiyayi yana son nasa ya ɗan lanƙwasa don saran reshen gawo. Mai tonon ramin gafiya kuwa in ka yi masa tsini ka cuce shi, nasa sai shimfiɗaɗɗe kamar bakin ƙaramar fartanya. Duk wannan wasu maƙeran ma sun sani. Inda Yahuza ya bambanta da su shi ne, ba ya yarda da abin da mutum ya faɗa da baki. Sai ya ga saransa.

Duk wanda ya kawo adda, ko dagaci ne, sai ya tsaya gaban kututturen nan ya sara. Yahuza ba addar yake kallo ba, kafaɗar mutum yake kallo, da yadda yake kafa ƙafa, da inda nauyinsa ke faɗawa. Daga nan sai ya ɗauki farar ƙasa ya ja layi a jikin ƙarfen, ya naɗe sauran addar da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya kashe mata ƙarfi, ya sa hancin kaɗai a wuta. Kuma mai adda shi ke zuga. Wannan doka ce. Yakan ce wanda ya zuga wutar addarsa da hannunsa ba ya yar da ita a gona ta kwana a raɓa.

Guntayen da yake yankewa ba ya zubarwa, ba ya kuma ba masu sayen tsohon ƙarfe. Hudawa yake yi ya rataye su a waya a ƙarƙashin rumfa. Idan iska ta taso sukan riƙa karo da juna, suna wata 'yar ƙara siririya kamar ana wanke ƙananan kwanuka a gida mai nisa. Na sha zama a wurin ba don ina da adda ba, sai don in saurara. Wani lokaci nakan ji kamar masu addunan ne suke hira, na raye da waɗanda suka riga mu. Yahuza ya ce in daina irin wannan tunani, ƙarfe ne kawai. Amma nuna masa guda ɗaya ka gani, zai gaya maka na wane ne, ɗan wane gari, da yadda yake karkata kai in zai yi sara.

Kai ne, Yahuza, wanda bai taɓa ganin mutum biyu da sara iri ɗaya ba. Kai ne ka ɗauki kowannenmu a matsayin wanda ya isa a tsaya a kalle shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai labarin Dogo ne, kuma ba ni kaɗai na gani ba, rabin Tasha shaida ne.

Dogo mafarauci ne daga wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar, mutum mai iyali, gonarsa 'yar kaɗan ce kuma yashi ne. Da naman daji yake cike abin da gona ta gaza. In an fita farauta shi ne a gaba, shi ke sare hanya cikin sarƙaƙiya. Wata Alhamis a karar shanu ta Maigatari yana taya wani dillali riƙe bijimi, igiya ta naɗe masa hannun dama, bijimin ya firgita da ƙarar wata babbar mota ya ja shi a ƙasa. Maɗori ya haɗa ƙashi, amma hannun ya shanye. Sai reto yake yi a gefensa kamar hannun rigar da aka rataye a ƙusa.

Mafarautan yankinsu suna da ƙa'ida tun ta iyayensu: ba a fita da wanda ba zai iya sare wa kansa hanya ba, ya yanka abin da karensa ya kama, ya feɗe da kansa, domin a daji ba mai tsayawa jiran wani. Shugabansu, Sarkin Baka Mu'azu, ba mugu ba ne. Ya kira Dogo gefe ya ce masa in an buɗe farauta bayan an kwashe amfanin gona, ya zo ya riƙa rataya musu jarkar ruwa, za a riƙa cire masa rabo. Dogo ya yi godiya, ya koma gida, aka ce ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Farkon kaka sai ga shi a maƙera da addarsa naɗe cikin buhu. Yahuza ne ya yi mata hanci tun Dogo yana saurayi. Ya ajiye ta a ƙasa ba tare da ya kalli kowa ba.

"Baba Yahuza, yanka min ita gida biyu. Ka yi wa matata Laure wuƙar yankan kuɓewa, sauran ka rataye a wayarka."

Yahuza ya juya addar, ya shafa bakinta da babban yatsa, ya miƙa masa ita ta ƙota ya ce ya je ya sari kututture.

"Da wane hannun, Baba?"

"Da wanda Allah ya bar maka."

Dogo ya sara da hagu. Sara ne irin na wanda bai taɓa riƙe adda ba, addar ta sauka a karkace, ba ta ko kama itacen ba. Yahuza ya ce ya bar ta ya dawo ran kasuwa.

A nan ne maƙerin ya yi kuskure, kuma shi da kansa yake faɗa yana dariya yanzu. Ya ɗauka bahago bai wuce na-dama da aka juya ba. Sai ya ɗauko wata adda ya yi mata hanci daidai da na Dogo, ya mai da wasin ɗaya gefen kawai. Da Dogo ya dawo ya gwada, addar ta zame daga kututturen ta zo ta yanke shi a ƙwauri. Ba rauni ne mai zurfi ba, amma a gaban jama'a aka yi. Masu jiran lauje suka yi ta sannu, irin sannun nan da ta fi dariya ciwo. Dogo ya ɗaure ƙafar da tsumma, ya ce wa Yahuza ya gode, amma a bar maganar haka, kuɓewar Laure tana jira.

Yahuza ya daɗe zaune yana kallon ɗigon jinin a kan yashi. Abin da ya gane shi ne, duk shekarun nan da yake kallon kafaɗun mutane, kafaɗarsa ce take fassara masa abin da yake gani. Ya san nauyin sara saboda shi ma yana sara. Wannan karon kuwa ba shi da abin aunawa a jikinsa. Bai san yadda duniya take ba ga mutumin da ya wayi gari da hannu ɗaya, kuma ba wanda ya saba da shi ba.

Washegari bayan azahar mutanen Tasha suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Yahuza ya fito daga gida hannunsa na dama a cikin riga, ɗaure da cikinsa da tsohon rawani, adda a hagu, ya nufi daji.

Ba rana ɗaya ya yi haka ba. Kaka ta shiga sosai yana yi. Da safe ya yi aikin mutane, da azahar ya ɗaure hannu, ba ya kwancewa sai don alwala da salla da cin abinci. Lokacin ne kuwa maƙeri ya fi samun aiki, kowa na neman lauje da magirbi, waɗanda suka gaji da jira suka riƙa ɗaukar kayansu suna kaiwa Gumel. Mai shayi ya ce aljanun maƙera ne suka karɓi hannun jingina. Wasu suka ce wani sabon asiri ne aka ba shi a Damagaram. Matarsa Sauda, wadda ita ce ke ƙulla masa rawanin kullum saboda ba ya iya ƙullawa da kansa, ta yi haƙuri har ya ƙare.

"Malam, hannu lafiya lau ka ɗaure shi kamar akuyar sayarwa. In mutane sun tambaye ni me zan ce?"

Ya ce ta ce musu ya ba da aro ne. Ta ce ai ko aro ne ana faɗin ranar mayarwa. Ta ƙara tamke ƙullin har sai da ya yi ƙara, amma gobe ma ita ta ƙulla.

Kafin ya sake taɓa ƙarfe sai da ya je wurin Malam Abdulƙahhar, mai makarantar allo ta bayan kasuwa, ya tambaye shi hukuncin wanda ya yanka dabba da hagu. Ya ce ba zai ƙera wa mutum abin da zai jawo a ƙi cin namansa ba. Malam ya ce dama aka fi so, amma mai lalura in ya ambaci sunan Allah ya yanka yadda ya kamata, yankansa ya halatta, kuma shi da kansa zai ci. Yahuza ya roƙe shi ya faɗi haka a majalisa inda mafarauta za su ji. Malam ya faɗa.

Dajin ne ya koya masa sauran. Ya tarar reshen sabara gudu yake yi in ba mai riƙe shi, ka kai sara ya kauce ya dawo ya mare ka. Ya tarar addar da ya saba ɗagawa kamar cokali ta zama kamar taɓarya a hagu, nauyin hancinta yana karya masa wuyan hannu kafin sara ya sauka. Ya roƙi wasu mafarauta suka kawo masa zomo da fatarsa, ya tsuguna a bayan gida zai feɗe, zomon yana ta birgima cikin ƙasa, Sauda na leƙe ta kan zana tana cewa yau kuma miyar yashi za a sha. A nan ne ya taka ƙafafun zomon da ƙafarsa ba tare da ya yi niyya ba, ya ga ashe ƙafa tana iya riƙewa. Abin da ya rage shi ne abin da zai jawo. Mai hannu biyu da ɗaya yake jawowa ya sara da ɗaya. Dogo ba addar da aka juya yake bukata ba. Addar da za ta yi masa aikin hannun da ya rasa yake bukata.

Ya aika a kira Dogo. Da ƙyar ya zo, don kunyar tsoho kawai. Yahuza ya ɗauko ainihin addar Dogo, wadda ya ce a yi wuƙar kuɓewa da ita, ya ja layi da farar ƙasa, ya ce ya zauna ya zuga. Zugazugi kuwa fata biyu ce, hannu biyu take so. Dogo ya kama ɗaya ya tsaya yana kallon ɗayar. A ranar Sarkin Baka Mu'azu yana zaune a benci, ya zo karɓar tasa addar.

"Sarkin Baka," in ji Yahuza, bai ko ɗago kai ba, "kama masa ɗayar."

Mu'azu ya tattare riga ya tsuguna. Haka suka zuga, ɗaya na dannawa ɗaya na ɗagawa, da farko suna cin karo, daga baya numfashin wutar ya daidaita.

Yahuza ya rage tsawon addar da kusan tafin hannu don nauyin ya dawo kusa da ƙota. Ya sauko da tsinin tsakiya. Sannan a bayan addar, dab da hanci, ya sa kurfi ya fitar da wata 'yar ƙugiya, ya bi cikinta da magagari har ta yi kaifi. Da ita mutum zai jawo reshe ƙasa ya taka da ƙafa ya sare. Da ita kuma zai saƙalo fatar dabba ya ja, ta tsage a miƙe ba tare da ya taɓa kayan ciki ba. A ƙota ya huda rami ya zura igiyar fata da za ta zagaye wuyan hannu. Mu'azu ya kalli abin ya ce shi dai bai taɓa ganin adda mai ƙaho ba. Yahuza ya ce shi ma bai taɓa gani ba.

Dogo ya sari kututture. Wannan karon ta kama.

Ranar da aka buɗe farauta ban je ba, ƙafafuna sun daina irin wannan tafiya, amma waɗanda suka je sun faɗa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Da aka busa ƙaho da sassafe Dogo ya iso da karensa, ba jarka. Mu'azu ya dube shi ya ce, "Bahago, in ka makara ba mai jiranka." Dogo ya ce ya ji. Hantsi ya ɗaga karensa ya danne zomo a cikin wata sarƙaƙiyar geza. Kowa ya san abin da ke nan: in zomon ya mutu kafin a kai masa wuƙa ya zama mushe, maganar Dogo kuma ta ƙare. Mutane suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya matsa, don ƙa'ida ta hana. Ya jawo reshe da ƙugiya ya taka ya sare, ya jawo wani, ya kutsa ciki. Suka ji bisimillarsa daga cikin ƙaya. Da ya fito ya taka ƙafafun zomon ya saƙala ƙugiyar ya ja, fatar ta buɗe kamar an zare zare daga ɗinki. Da aka tsaya hutawa aka gasa nama, aka ce Mu'azu hannu ya miƙa ya fara yagar na Dogo, ya tauna a gaban kowa, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Da la'asar sakaliya Dogo ya iso Tasha da cinyar zomo naɗe cikin ganye. Ya durƙusa a ƙofar rumfa ya miƙa. Yahuza ya karɓa ya ce a kai wa Sauda, ita ta yi ɗaurin, kuma a gaya mata an dawo da aron.

Kai ne, Yahuza na Sauda, mai sa wa ƙarfe hannu. Kai ne ka bar kasuwarka ta kaka, ka yarda aka yi maka dariya a garinku da furfurarka, don kawai ka san inda ke yi wa wani ciwo. Mu da yawa mukan ce wa mutum sannu daga inda muke tsaye. Kai sai da ka je inda yake tsaye.

Juma'ar da ta wuce aka taru a gindin darbejiya don yi masa ban kwana da maƙera. Sauda ta aiko da kunu, ta kuma aiko da saƙo cewa daga yau ba wuta, likitan ido ya hana hayaƙi. Mannir ya karɓi masaba, Malam Abdulƙahhar ya yi addu'a. Yahuza na zaune a buzunsa, ba ya rarrabe fuskoki sai an yi magana. Ana cikin haka wani ya zo ta baya shiru, bai yi sallama ba, ya zare adda ya sari kututturen sara ɗaya.

Yahuza ya karkata kunne.

"Dogo ne. Kai, kafaɗar nan ta yi ƙarfi. Addar ta yi maka sauƙi yanzu, tana tashi kafin ta gama cizo. Mannir, tona min tokar nan."

Aka tuna masa saƙon Sauda. Ya ce ba wanda zai gaya mata, kuma Sarkin Baka ya matso ya kama ɗayar.

Mun gode, Malam Yahuza. Mafarauta sun gode, makiyaya sun gode, gidan Dogo da ba a rasa miya ba sun gode. Allah ya buɗe maka idanunka, ya sa ƙarshenka ya fi farkonka kyau, ya saka wa Sauda da alheri. Ku kuma masu sana'a, tela ne kai ko maɗori, malamar asibiti ce ke ko mai sayar da takalma, kafin ku yanka wa mutum abin da zai rayu da shi, ku tsaya ku ga saransa. In kun duba ba ku gane ba, kada ku ji kunyar ɗaure hannu.

Wanda ya bi ta Tasha ya tsaya a rumfar ya ɗaga kai. A can ƙarshen wayar, ta hagu, akwai wani guntun ƙarfe da ya fi sauran faɗi, kusan tafin hannu. Ko iska kaɗan ce, shi ke fara motsi.